Kwantaccen Cikin Kellu

Shafi na 24

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku, ga shi nan. Ke kuma 'yar'uwa da kika rubuto cewa duk labarin nan babu mai tausayi irin Inna Batula, ki ajiye maganarki a gefe tukuna. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan shafin.

*

Kellu ba ta biya gidanta na Gaya ba. Motar Kano na sauke ta a tasha, ta tsayar da ɗan acaba ta ce masa Toranke. Mijinta Zunnuraini kuwa can ta baro shi a kan bencin asibiti, riƙe da jakarta, bayan ta ce masa za ta kewaya ta dawo.

Shekarun aurensu sun haura goma babu haihuwa. Daga ƙarshe likitoci suka haɗa ƙwanta da na mijinta a asibiti, aka samu guda uku masu kyau. An dasa mata na farko bai zauna ba. An dasa na biyu, shi ma ya bi jini. Saura ɗaya tal yana ajiye a cikin sanyi, kuma Dokta Afra'u ba ta ɓoye musu ba, ta ce jikin Kellu ya daina ba da ƙwai, daga wannan babu wani.

Ranar kasuwar Ajingi ce, gidan iyayenta ya watse. Inna Batula kaɗai ta tarar zaune a inuwar rumbu, ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gyaɗa. Rana tsaka ce, amma shirun gidan ya sa tsigar jikin Kellu tashi tun daga zaure.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. A'a, Auta? Ke da wa? Ina mai gidan naki?"

"Yana Kano."

"Kika baro shi a Kano kika taho? Lafiya dai?"

Kellu ba ta cire hijabi ba, ba ta nemi ruwa ba. Ta dai durƙusa ta gaida uwarta, don ko gobara ake yi 'yar Inna Batula ba ta yi wa babba magana a tsaye.

"Inna, tambaya na zo yi miki."

"Tambaya tun daga Kano? Wayar taki ta mutu ne?"

"Daminar nan da na kwanta a ɗakin can, shekarar da ruwa ya cinye hanya. Me ya fita daga jikina?"

Hannun Inna ya tsaya cak a kan gyaɗar. Sai kuma ta ci gaba da ɓara, da sauri fiye da ɗazu.

"Jini."

"Jini kawai?"

"Sau nawa zan faɗa miki? Jini ne ya ɓalle, cikin ya tsorata ya kwanta."

Wannan maganar ita Kellu ta rayu a kanta. A shekara ta biyu da aurenta ta samu ciki, ya kai wajen wata biyar, ta zo gida ganin iyaye, sai jini da zazzaɓi suka kayar da ita har ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo ta shafa cikinta ta ji ya saɓe. Inna ta riƙe hannunta ta ce kada ta yi kuka, ba ɓari ta yi ba, ciki ne ya kwanta ya koma baya, kuma zai tashi ranar da Allah ya nufa. Kellu ta yi makaranta, yanzu haka 'ya'yan mutane take koyarwa a firamare. Amma ku gaya min macen da za a ce wa "ɗanki barci yake" ta tsaya yin gardama. Ta karɓa hannu biyu, ta ɓoye a ranta.

Inna ta kuma ja mata kunne, ta ce kada ta kuskura ta faɗa wa likita, don su ba su san kwantaccen ciki ba, wanke shi kawai za su yi. Shi ya sa ranar farko da Dokta Afra'u ta tambaye ta ko ta taɓa yin ciki, Kellu ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Zunnuraini yana zaune a gefe, ya dube ta, bai gyara zancen ba, don a ganinsa maganar mata ce.

"Inna, jiya sun sa min kyamara a mahaifa. Yau likita ta nuna min."

"Kika yarda? Ban hana ki ba?"

"Biyu sun tafi, Inna. Ta ce ba za ta taɓa na ƙarshen ba sai ta ga abin da ke korar su."

"Babu abin da ke korar su. Irin nasu ne na kwalba, ba shi da ƙwari."

"Ba laifin ƙwan ba ne."

Muryar likitar ba ta bar kunnen Kellu ba tun safe. A duk hanyar Wudil ita take ji, har ƙarar motar ba ta danne ta ba.

"Malama Kellu," in ji likitar, "mutane na ɗauka in ƙwai ya yi kyau shi ke nan. Aikin na mutum biyu ne. Ƙwan zai zo ya yi sallama, bangon mahaifa ya amsa, ya yi laushi, ya bar shi ya shige, sannan ya rufe shi. Kuma 'yan kwanaki ne kaɗan a wata yake amsawar. Ke 'yar manoma ce, kin san gyaɗa. Fure ya zube, tsinken ya sunkuya yana neman ƙasa. In ya tarar da ƙasar ta yi tauri fa?"

"Sai ya bushe a sama," Kellu ta ce.

"To naki bangon kullum a kumbure yake, yana faɗa da wani abu da ke kwance a cikinsa. Duk baƙon da ya zo sai ya haɗa da shi ya kora. Na ga ɗan farin layi a hoton farko, na ɗauka ba komai ba ne, tunda kin ce ba ki taɓa ciki ba."

Daga nan ta juyo mata da fuskar na'urar. Jan nama ne ko'ina, sai wasu 'yan fararen abubuwa sirara a kafe a ciki, kamar ƙayar kifi.

"Ƙashi ne," likitar ta ce a hankali. "Ƙashin ɗan tayi. Ya daɗe a wurin. In an cire shi, sau da yawa bangon yakan warke ya karɓi ƙwai. In ba a cire ba, ba zan dasa miki na ƙarshen ba, don kai shi zan yi inda za a kore shi."

Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ce don me kika ɓoye min ba. Da ma ta zage ta, da ya fi wa Kellu sauƙi.

Yanzu ga ta gaban uwarta. Ta ciro waya daga cikin hijabi, ta buɗe hoton da ta ɗauka, ta miƙa da hannu biyu.

"Ga abin da suka gani."

Inna ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kai wayar nesa da ido, ta dawo da ita kusa, ta kare hasken rana da tafin hannu. Kellu ta zuba mata ido tana jiran salati, ko kuka, ko ta yar da wayar.

Sai Inna ta yi murmushi.

Wallahi murmushi ta yi, irin wanda kaka ke yi in an miƙo mata jariri ranar suna.

"Allahu Akbar. Ga shi nan kuwa." Ta shafa gilashin da ɗan yatsa. "Ban ce miki yana nan ba? Kashim. Ɗan albarka. Ashe za a nuna min kai kafin in mutu."

Kashim sunan mahaifin Kellu ne, marigayi. Ba ta taɓa sanin an yi wa cikin suna ba.

"Inna, ƙashi ne fa."

"To da me kike so a gani? Kowane ɗa da ƙashi yake."

"Babu nama, babu zuciya, babu numfashi. Guntaye ne, Inna. Ƙashi ba ya tashi."

"Ki iya bakinki! Wanda zai tayar da mutanen kabari bayan sun zama ƙasa, ɗan wannan ne zai gagare shi? Hanne ta garin Balan fa? Cikinta ya kwanta har mutane suka manta, ta zo ta haifi ɗanta da haƙori a baki. Ni na je barka da ƙafata."

"Ita Hanne an sa mata kyamara?"

"Kyamara! Kyamarar ce ta halicce ki?"

Kellu ta bar maganar nan. Ba gardamar malamai ta kawo ta ba. Akwai kalma ɗaya da likitar ta faɗa wadda ta hana ta zama a Kano.

"Likita ta ce abin da ke cikina kaɗan ne. Ta ce bai kai rabin ɗa ba. Ta ce dole sauran ya fita tun a lokacin." Ta matso har gwiwarta ta taɓa tabarmar. "Inna, ina sauran?"



Wata kaza ta zo ta tsinci gyaɗa a gefen faifai, babu wanda ya kore ta.

"Na haɗa ki da Allah, Inna. Ina sauran ɗana?"

Inna ta ajiye wayar a cinyarta, fuskar hoton na sama. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauya, ta koma ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada wani ya farka.

"Biyu ne."

"Me?"

"Tagwaye ne. Ɗaya ya fito."

Kellu ta dafa ƙasa.

"Kina kwance ba ki san duniya ba. Hauwa'u ungozoma, Allah ya jiƙanta, ita ta karɓe shi. Bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Bai yi motsi ba. Na ciro ɗankwalina na naɗe shi."

"Kika kai shi ina?"

Inna ta ɗan karkatar da kai zuwa bayanta, zuwa gindin rumbun da take jingine da shi.

Kellu ta bi wurin da kallo. Ƙasa ce a share tas, babu ciyawa ko ɗaya, an jera wasu 'yan duwatsu a gefe. Sau nawa ta zauna a nan ta ci tuwo? Sau nawa ta shanya wanki a kan duwatsun nan? Ashe shi ya sa Inna ba ta taɓa yarda a rushe tsohon rumbun ba, ko da 'yan'uwan Kellu maza suka ce za su gina mata na bulo.

"Duk shekarun nan, Inna? Ina da kabari a gidan nan ban sani ba? Ko addu'a ban taɓa yi masa ba?"

"Na yi miki. Kullum ina yi."

"Ni ce uwarsa!"

"Ke yarinya ce a lokacin. Da na faɗa miki da kin haukace. Na zaɓa miki mai rai, na riƙe mataccen ni kaɗai. Laifi na yi?"

Ku da kuke karantawa, kada ku yi saurin zagin tsohuwar nan. Ni kaina da nake rubutawa na rasa ko tsine mata zan yi ko rungume ta.

"Na biyun fa?" Kellu ta ce. "Wa ya ce akwai na biyu?"

"Jinin ya ƙi tsayawa. Hauwa'u ta sake sa hannu, ta ce Batula, akwai saura a ciki. Ta fara ja. Na ga fuskarki ta yi fari fat. Na damƙe hannunta na ce a'a, an karɓe min ɗaya, ba za a karɓe na biyu ba, a bar shi ya huta."

"Saura ta ce, ko wani ɗan ta ce?"

"Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Inna. Me ta ce?"

"Mahaifinki ya ɗaura shanu a amalanke, wai a bi ta tudu a kai ki asibitin Gaya. Na tsaya a bakin ƙofar can na ce sai dai a bi ta kaina. Na san abin da za su yi, wankin ciki. Da na bari da yanzu babu Kashim. Na yi ta ba ki jiƙo har jinin ya tsaya, zazzaɓin ya sauka. Ba ga ki ba? Ba ga shi ba?"

Ta sake ɗaga wayar tana nuna mata, kamar hujja.

Kellu ta dubi uwarta. Tambaya ɗaya ta rage, kuma tana tsoron ta fiye da duk na baya.

"Wanda kika naɗe a ɗankwali. Cikakke ne?"

Inna ta kawar da kai.

"Hannu biyu? Ƙafa biyu? Kin gani da idonki?"

"Jini ne ko'ina."

"Kin duba, Inna?"

Tsohuwar ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta matsa, ta kasa fasa ta.

"Ban duba ba," ta ce. "Na rufe idona na naɗe. Wace uwa ce za ta duba?"

Nan komai ya fito wa Kellu fili. Babu tagwaye. Ba a taɓa yin tagwaye ba. Ɗa ɗaya ne, an binne wani sashensa a gindin rumbu, aka bar sauran a jikinta. Shi ta yi ta shafawa da asuba tana yi masa magana a zuci. Saboda shi ta yi wa likita ƙarya, kuma a kansa aka ɗora 'ya'yanta biyu suka kasa samun wurin kamawa. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa hawaye.

Ta kuma gane wani abu da ya fi wannan ciwo. Inna ta sani. Can ƙasan ranta ta sani tun ranar. Amma in ta yarda ƙashi ne, to ta yarda ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta hana 'yarta haihuwa, kuma babu tsohuwar da za ta iya ɗaukar wannan ta ci gaba da cin abinci.

"Jibi suke so su cire shi," Kellu ta ce a hankali. "In wurin ya warke a dasa min na ƙarshen."

"Su cire wa?"

"Inna..."

"Su cire Kashim? Don wani abu da ke cikin ƙanƙara, wanda ba ki taɓa jin ɗuminsa ba? Ki kashe na jikinki don na kwalba?"

"Na kwalbar shi ne mai rai."

"Ƙarya ne!"

Wayar ta ɗauki ƙara a cinyar Inna, hoton ya ɓace, sunan Zunnuraini ya fito. Dukansu biyu suka zabura. Kellu ta miƙa hannu, Inna ta riƙe wayar gam, sai da ta kusa katsewa sannan ta sake ta.

"Kellu! Kina ina? Na duba masallaci, na duba bakin titi, hankalina ya tashi!"

"Ina Toranke."

"Toranke? Inna lillahi... To ki saurare ni. Likita za ta tashi yanzu. Ta ce in kin amince ta sa sunanki a tiyatar jibi, in ba haka ba ta ba wa wata. Ga ni tsaye a ƙofar ofishinta. Me zan ce mata?"

Muryarsa na fita sarai, Inna ta ji komai. Ta ture faifan gyaɗar gefe, ta yunƙura ta tashi tsaye, tana dafe da rumbun.

"Auta. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Na yi jinyarki a ɗakin can har na manta da barci. Na yi gadin wannan yaron tun kina kwance, na yi masa sadaka, na yi masa suna. In kika bari suka sa masa ƙarfe, to ki sani ba da yawuna ba. Kuma ban yafe ba."

"Kellu? Kina ji na? Muryar Inna ce wannan?"

Kellu ta dubi 'yan duwatsun da ke gindin rumbu. Ta dubi uwarta, wadda ba ta taɓa ƙetare maganarta ba tun da ta yi wayo. Sannan ta tuna ɗan abin nan da ke can Kano cikin sanyi, wanda ido ba ya gani, wanda ba shi da kowa a duniya sai ita, kuma ba shi da wurin zuwa sai jikinta.

Ta gyara riƙon wayar.

"Malam."

"Na'am, ina ji."

"Ka ce mata ta sa sunana." Hawayen da suka ƙi zuwa tun safe suka ɓalle. "Ka kuma roƙe ta, abin da za ta ciro kada a zubar. A ba ni. Ka sayo farin yadi, ɗan kaɗan ya isa. Muna da ɗa da ba a gama binnewa ba."

"Muna da me? Kellu, me kike faɗa?"

Inna ta saki rumbun, ta tako har gaban Kellu, ta tsaya a kanta. Idonta a bushe, babu ɗigon hawaye. Kellu ta taɓa jin ana cewa uwa ta ɗaga wa ɗanta nono ta tsine masa, amma ba ta taɓa gani ba, ba ta kuma taɓa sanin wanda aka yi wa ya ga da kyau ba.

"Ɗago ki dube ni," Inna ta ce.

Kellu ta ɗago.

Inna ta zura hannun dama cikin wuyan rigarta.